Ido, Wa Ka Raina?

Ran nan da dare, bayan sallar lisha, muna zaune a ɗakin kwananmu sai wani abokin karatunmu ya miƙo wayarsa, ya ce mu zo mu ga aljannar duniya. Muka taru a kansa. Hoton wata tafiya ce ta yini guda a ƙasar Tailan. An ɗebi baƙi tun da sassafe a jirgin ruwa mai inji daga tsibirin Puket, ana sauka da su tsibiri bayan tsibiri, daga bisani aka zuba su bibbiyu a ƙananan kwale-kwale aka kutsa da su cikin kogon dutse, a kan ruwa, cikin duhu. Da hoton ya ƙare sai ɗaya daga cikinmu ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Mu dai Allah ya ajiye mu inda babu abin gani." Wannan magana ita ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu, domin ina ganin ba gaskiya ba ce, kuma yarda da ita da muka yi tana jawo mana hasara.

Bari in fara da bai wa mutanen Tailan haƙƙinsu. Wurin nan sunansa Pang Nga, wani lungu ne na teku a kudancin ƙasar, wanda gwamnatinsu ta mayar gandun ƙasa a 1981. Tsibiransa duwatsu ne na farar ƙasa waɗanda ruwa ya daɗe yana ci har ya rarake cikinsu. Waɗansu rufinsu ya rufta, sai cikin ya zama kamar tsakar gida a tsakiyar dutse, ruwa a ƙasa, sama a buɗe. Mutanen wurin suna kiran irin wannan "hong", watau ɗaki. Ba a shiga sai ta wata ƙuntatacciyar ƙofa, ita kuwa ƙofar tana bin cikar teku da janyewarsa: in ruwa ya cika ta rufe, in ya janye da yawa sai taɓo ya hana wucewa. Don haka matuƙin kwale-kwale shi ya san sa'ar shiga da sa'ar fita, wani wurin ma sai baƙo ya kwanta rigingine don kada dutse ya fasa masa kai. Ɗaya daga cikin tsibiran ya yi suna ne tun da aka nuna shi a wani fim na James Bond a 1974. Akwai kuma ƙauyen Ko Panyi, na Musulmi masunta, wanda aka gina bisa turaku a kan ruwa, da masallacinsu, inda ake sauke baƙi su ci abincin rana.

To, jama'a, in muka cire kwalliya, mene ne ake sayarwa a can? Abu biyu ne: ruwan da aka bari da ransa, da kuma gwanintar talakan da ya san ruwan. Duka biyun nan muna da su a Jihar Jigawa. Teku ne dai ba mu da shi, kuma ba zan ce muna da shi ba.

Kogin Kano da Kogin Challawa su suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim har ya isa Haɗeja. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, sai kogin ya rarrabu hannu hannu, ya bazu cikin fadamu tare da ruwan Kogin Jama'are, kafin abin da ya rage ya nufi Tafkin Chadi ta Kogin Yobe. Wannan shimfiɗa ita ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. In ruwa ya kawo a watannin Agusta da Satumba, tuddai sukan zama tsibirai, ƙauye da ƙauye ba a zuwa sai da jirgi. A cikinta ne gandun Baturiya yake, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wanda aka sa a jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta ambaci dausayin Haɗeja cikin wurare goma da ta amince a mayar gandun ƙasa. Kowace shekara, in sanyi ya matsa a Turai, tsuntsaye dubbai sukan ƙetare Hamada su sauka nan su yi hunturu. Tsuntsun Turai ya san hanyar Baturiya, amma ɗalibin da yake karatu a Dutse bai sani ba.

Ni ma ban sani ba sai a wani hutu da ya faɗo cikin kaka, da na je gaida kawuna a wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, ya haɗa ni da wani dattijo ɗan fito. Muka fita bayan asuba. Yana tura jirgin da gora, muna ratsa gonakin shinkafa, muna sauka tudu bayan tudu: nan rugar Fulani, can bukkokin masunta suna banda kifi, gaba kuma kurmin goruba. Duk tsuntsun da ya tashi sai ya faɗa mini sunansa, ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe, ya kuma nuna mini waɗanda ya ce baƙi ne, sai da sanyi suke zuwa. Ya san inda tarwaɗa take kwana da inda karfasa take ƙwai. Ni da na ci jarrabawar labarin ƙasa a sakandare, na zama kamar ɗan aji ɗaya a gabansa. Can sai muka tarar da wata ciyawa doguwa, ta fi mutum tsawo, ta tsaya kamar katanga. Na ce, "Baba, ba za mu wuce ba?" Ya ce, "Yaro, nan da hanya ce, ta nan muke zuwa kasuwa. Yanzu ta zama ta kachalla." Muka juyo.

Kogo kuwa, wanda bai kai tafiyar awa guda daga Dutse ba zai same shi. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu rumfuna, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka riga mu da ɗaruruwan shekaru suka zana shanu a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda muke kiwo yanzu ba. A wurin kuma akwai duwatsun da in an buga su sukan yi amo kamar kuge. Masanin tarihin nan Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, har labarinsu ya kai ƙasashen waje. Ba a shiga waɗannan da kwale-kwale, gaskiya ne. Amma mu nawa ne a cikin masu karanta wannan mujalla muka taɓa tsayawa a gabansu? Bahaushe ya ce, ido wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani kullum. Namu ya fi haka muni, domin mun raina abin da ko ganinsa ba mu yi ba.

Wani zai ce, to ai sai gwamnati ta gina masauki, ta buga talla, baƙi su zo. A nan ne nake ganin ana sa keke gaban doki. Katangar kachallar nan da ta tare mu ba daga sama ta faɗo ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin su, kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani, cikar ta share hanyoyin ruwa, ƙafewar ta kashe ciyawa. Bayan su sai cikar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan kaɗan har da rani, wannan kuwa shi ne abin da kachalla take so. Ta toshe hanyoyi, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita. Sai ka ga wani gari ambaliya ta cinye gonakinsa, wani kuma fadamarsa ta bushe. Daɗin daɗawa, cikin kachallar ne tsuntsayen jan baki suke sheƙa, su fito su cinye gero da shinkafa. Idan aka haɗa da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, filin da ruwa yake rufewa ya ragu ƙwarai.

Ba cewa nake yi Tiga ba ta da amfani ba. Manoman rani na Kura da Bunkure da Kadawa 'yan'uwanmu ne, tumatir da shinkafar da muke ci a nan makaranta ma wataƙila daga gonakinsu suke, birnin Kano kuma yana shan ruwan nan. Amma a farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna, suka sami cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya isa dausayin, amfanin da yake bayarwa ta noma da su da itacen wuta ya fi wanda yake bayarwa a babban aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba. Ashe ke nan ruwan da ya wuce Haɗeja bai tafi a banza ba. Wanda yake son baƙi su zo kallon tsuntsu, sai ya fara da neman a riƙa sakin ruwa bisa tsari, a kuma buɗe hanyoyin da suka toshe, domin masunci da manomi da makiyayi su rayu. In su sun rayu, tsuntsu zai zo, in tsuntsu ya zo, mai kallo ba zai yi wuyar samu ba.

Abu na biyu shi ne rai. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano ba a watan Nuwamba na 2021, inda jirgi ya kife da mutane, fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara. Kada kuma a zaci mu kaɗai ne. A Tailan ɗin da muke sha'awa, a watan Yuli na 2018, wani jirgin baƙi ya nutse kusa da Puket cikin hadari, mutum 47 'yan ƙasar Sin suka halaka. Ruwa bai san mai kuɗi ba, bai san ɗan jami'a ba. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgi, rashin rigar kariya, su ne suke kashe mutane a ko'ina. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya ɗora mutum hamsin a jirgin mutum ashirin ba shi da bakin kiran ƙaddara.

Akwai kuma darasi na uku daga can. Wata gaɓa da ake kira Maya, a tsibiran Pi Pi, baƙi suka yi mata yawa har jirage suka lalata halittun ruwanta, dole hukuma ta rufe ta a 2018, ba a sake buɗewa ba sai a farkon 2022, da ƙa'idodi masu tsanani. Saboda haka masu tsoron cewa yawon buɗe ido zai kawo mana ɓarna, ko ta ƙasa ko ta tarbiyya, suna da hujja, ban raina ta ba. Amsata gare su ita ce, baƙin farko da nake kira mu ne da kanmu, 'ya'yan wannan ƙasa, masu sallama kafin su shiga gari, masu sanin girman dagaci da liman. In mu muka fara, mu za mu shimfiɗa ladabin da na nesa zai tarar.

To, ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai. Kuɗin da ake warewa don ziyarar ƙaro ilmi, a bana a karkata shi gida. A yi yini guda a Birnin Kudu, a kuma shirya tafiya Baturiya cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da tsuntsaye suke nan. A nemi izinin hukumar da take kula da wurin, a kai gaisuwa ga masu gari, a bi ta hannun Sarkin Ruwa wajen ɗaukar 'yan fito, a kuma biya su haƙƙinsu hannu da hannu, ba tare da ɗan tsakiya ba. Kada kowa ya taka jirgi sai da rigar kariya, a ƙidaya mutane a shiga a ƙidaya a fita, a dawo kafin la'asar sakaliya. Ledar da muka je da ita mu dawo da ita, kuma wanda ya rubuta sunansa ko na budurwarsa a jikin dutsen tarihi, ƙungiya ta hukunta shi. Kowane sashe kuma ya tafi da aiki: masu nazarin Hausa su rubuto sunayen kifi da tsuntsaye da kayan su daga bakin dattawa tun suna raye, masu nazarin halittu su ƙidaya, masu nazarin tattalin arziki su tambayi masunci abin da kachalla ta rage masa.

Ku kuma yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati a sakatariyar Dutse, yau ku ne masu ɗaukar fayil, gobe ku ne masu sa hannu. Wata rana takarda za ta zo teburinku a kan sakin ruwa, ko yashe kogi, ko rajistar jiragen fito. Akwai bambanci tsakanin wanda ya san Kiri Kasamma a taswira da wanda ya taɓa zama a jirgi ya ga hanyar kasuwa ta zama ciyawa. Jihar nan an ƙirƙiro ta ne a 1991, da yawa daga cikinku ma ta girme ku kaɗan ne, ba ta tsufa da gyara ba.

Abokina mai wayar nan na gaya masa, in Allah ya hore masa ya je Tailan, tafiya mabuɗin ilmi ce. Sai dai in matuƙin kwale-kwalen can ya tambaye shi yadda ruwan ƙasarsu yake, ya kamata a ce yana da abin faɗi. Allah ya sa mu gane, ya kuma kiyaye masu tafiya a kan ruwa da tudu, amin.