Waya Ba Ta Jin Kuskuren Ɗan Koyo

Ra'ayin da ya yi rinjaye a tsakanin samarin da ke sha'awar kiɗan zamani a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Makoɗa shi ne darussan intanet sun kashe kasuwar malami, har ana ganin duk mai babbar waya zai iya koyon jitar bes shi kaɗai a ɗakinsa. Jitar bes ita ce mai kakkaurar murya da tsarkiya huɗu, wadda kamfanin Fender na Amurka ya yaɗa daga 1951, kuma aikinta shi ne ɗaure bugun ganga da karin waƙa wuri guda. Wannan aiki nata shi ke tona raunin ra'ayin, domin abin kiɗan da bai da amfani sai a tsakiyar makaɗa ba a ƙwarewa a kansa cikin kaɗaici.

Bidiyo yana nuna inda ake ɗora yatsa, amma ba ya ji idan ɗan koyo ya riga ganga ko ya makara, alhali wannan ne kuskuren da mai yin sa ba ya ganewa har ya zame masa jiki. Makaɗan gargajiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa a ƙungiyar kalangu, irin wadda Mamman Shata ya yi waƙa da ita har rasuwarsa a 1999, ake da kuntukuru, wato ƙaramar gangar da ke riƙe bugu ɗaya ba sauyi, wadda galibi yaro ke bugawa a gefen manya, yana shan harara duk sanda ya kauce, har kunnensa ya nuna. Ga kuma abin da darussan suke koyarwa: yawancinsu da Turanci ake yi, kan kiɗe-kiɗen Amurka da Ingila, ta hanyar zanen layuka da lambobi, yayin da waƙar Hausa ke bin hawa da saukar murya da tsawon gaɓoɓin kalma, abin da malamin da bai taɓa halartar bikin ƙauye ba ba zai iya nuna yadda bes za ta zauna a ƙarƙashinsa ba.

Batun cewa koyo ta waya ya fi arha ma ruɗi ne, tunda bes ba ta fita sai da amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ita kuwa sai da lantarki, ban da kuɗin data da na caji.

Gaskiya ne masu koyar da bes sun yi ƙaranci a karkara, galibinsu suna birnin Kano, musamman a majami'un Sabon Gari. Sai dai idan aka gama girbin gero da dawa da gyaɗa, rani yana ba manomi sararin shiga birni ko da sau ɗaya a mako, sauran ranakun kuma ga mai kalangun mahauta a kasuwar garinsu, wanda zai ji makarar yatsa tun bugun farko ko da bai taɓa riƙe jita ba.