Ƙiba da abin da take yi wa kitsen jiki

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa. A Tsarnawa da Birnin Ƙonni, inda ba a manta da yunwar 2005 ba, wasu za su ce wannan matsalar Turawa ce, domin a wurinmu teɓa alamar arziki ce. Amma a tashoshin da ke kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi, soyayyen abinci da lemun kwalba da shayi mai sukari sun yawaita, kabu-kabu kuma ya rage tafiyar ƙasa.

Kitse ba kamar man da aka ajiye a tulu yake ba. Ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Masana sun fahimci aikinsu ta hanyar gwaji a kan ɓeraye. Idan aka ɗora ɓera a kan abinci mai maiƙo, ƙwayoyin kitsensa sukan kumbura har wasu su mutu. A 2003 masu bincike a Amurka suka gano cewa ƙwayoyin garkuwar jiki suna taruwa da yawa a cikin irin wannan kitse. Sukan kewaye matattun ƙwayoyin domin su share su. Wannan aiki yana haddasa kumburi a ɓoye, wanda ke hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata. Ta nan ciwon sukari yake samun ƙofa.

Ɓera ba mutum ba ne, amma binciken da aka yi a kan mutane bai ba da wani sauƙi ba. A 2008 masana a Siwidin suka nuna cewa jikin baligi yana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin kitsensa kowace shekara, kuma yawansu ba ya raguwa ko da mutum ya rame. Tun a ƙuruciya da samartaka ake kafa wannan adadi. A 2024 kuma aka gano a Siwizalan cewa kitsen ɓeran da ya taɓa ƙiba yana riƙe da alamunta, har ya fi sauran saurin sake ƙiba.

Ke nan tsare yara daga yawan zaƙi ya fi neman ramewa daga baya sauƙi. Magidanci ko uwargida mai tumbi kuwa, ya kamata su je asibiti a auna musu sukari da hawan jini. Ƙugun da ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, alamar haɗari ce.