ZANCEN KIWO: Rogo Kaɗai Ba Ya Girmar Da Ƙaguwa

Wannan watan za mu bar kaji da tumaki su huta, mu leƙa cikin durom.

Wani ɗan 'yar'uwata a Maamobi ya ga yadda mata ke rububin ƙaguwa don miyar kuɓewa da miyar kwakwa, sai ya kwashi ɗan jarinsa ya nufi Ada, ya sayo ƙanana ya zuba a durom biyu a bayan ɗaki. Abincinsu kullum rogo da ragowar tuwo. Bayan wata guda ya zo mini ido ya yi ja, ya ce, "Kawu, ba sa girma, kuma kullum sai na tarar an cinye ɗaya." Na ce, "Ɗana, ai yunwa ce. Ka cika musu ciki, amma ba ka ba su abin gina jiki ba."

Kafin wani ya ɗaure fuska, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta dabbar ruwa, har da wadda ke daɗewa a tudu. Ko da ba ka ci, maƙwabtanmu na ci. Mutanen Ga na ce mata kaa, Asante kuma koto, kuma kuɗinsu suke sa wa.

Ita ƙaguwa ba ta girma a hankali kamar rago. Ɓawonta ba ya miƙewa, don haka sai ta yi saɓa kamar maciji, ta fito da taushi, ta kumbura da ruwa, sannan sabon ɓawo ya ƙanƙame. Daga nan sai ta maye gurbin ruwan da tsoka, kuma tsoka da furotin ake gina ta. Ɗanyen rogo kuwa furotin ɗinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. In furotin ya yi ƙaranci, saɓa takan yi jinkiri, wadda ta samu ta yi kuma, 'yan'uwanta mayunwata su far mata tun ɓawo bai yi ƙwari ba. Abin da ya cinye jarin yaron nan ke nan.

To nawa take bukata? Mutanen Asiya sun riga mu nisa a wannan fanni. A cibiyar SEAFDEC da ke Iloilo a ƙasar Filifin, wani bincike da aka buga a 2002 kan ƙaguwar laka ya nuna tana girma da kyau in abincinta na da furotin kashi 32 zuwa 40 cikin 100, da maiƙo kashi 6 zuwa 12. A Taiwan ma, a 1999, an samu cewa maiƙo tsakanin kashi 5 da 14 ya wadatar. Wato maiƙo kaɗan ake so. In ka labta mata mai, sai ta ƙoshi da wuri, ta bar abincin tun ba ta samu furotin ɗin da take nema ba, ragowar kuma ta ɓata ruwa.

Akwai wani abin mamaki. Kolestarol ɗin nan da likita ke hana mu dattawa, ita ƙaguwa ba ta iya haɗa shi a jikinta, alhali da shi take yin sinadarin da ke sa ta saɓa. Dole sai daga abinci, kamar rabin kashi ɗaya cikin 100. Manja da man gyaɗa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kifi da kan jatan lande ne ke da shi.

Amma a lura, ƙaguwar da ke zuwa kasuwanninmu iri biyu ce. Akwai mai shuɗin ƙafa ta tafkunan bakin teku irin na Keta da bakin kogin Densu. Wannan maciyar nama ce, ita ta fi kusa da wadda aka auna a Asiya, kuma tana son ruwa mai ɗan gishiri, don haka wahalarta a Nima ta fi ribarta. Akwai kuma ta tudu mai haƙa rami, wadda ta fi cin ganye da 'ya'yan itace. Mutanen bakin teku sun daɗe suna tsare irin wannan 'yan makonni, suna ba ta kwakwar manja da rogo har ta yi kitse. Dabararsu daidai ce, sai dai su manya suke kamawa su yi musu turka. Yaronmu ya kwaikwayi abincin turka ya ba jarirai.

Ga lissafin da na yi masa, bisa nauyi a sikeli, ba da mudu ba: kashi huɗu garin busasshen amane mara gishiri, kashi biyu busasshiyar tunkuza, kashi huɗu garin masara. Wannan zai ba da furotin wajen kashi 36, maiƙo kuma bai kai 10 ba. A dama da ɗan kokon rogo don ya kama jikinsa, a mulmula, a shanya. Kada a sa ƙuli-ƙulin kasuwa, ya sha mai da gishiri, tunkuzar da ta yi fumfuna kuwa guba ce. Ta tudu a haɗa mata da ganye, ba sai an ba ta kullum ba.

A ba su da yamma, don da dare suke kiwo, da safe a kwashe abin da ya rage. A zuba musu guntayen bututu ko fasasshiyar tukunya inda mai saɓa za ta ɓuya. In an ga tsohon ɓawo kada a jefar, sukan cinye shi su mai da sinadarinsa cikin sabo.

Yaron dai ya sake sayowa, amma wannan karon manya guda goma sha biyu na tudu, durom ɗaya. Na ce ya riƙa rubuta kowane sidi da ya kashe a kan amane, domin kifin nan ba araha gare shi ba. Ranar Laraba mai zuwa zai kai shida kasuwar Nima mu ga abin da za a taya.