Daga Makarantar Yaƙi da Jahilci: Littafin da Ya Raba Kan Ajinmu

Watan jiya mun yi zancen adana iri a rumbu. Watan ga kuwa zancen wani littafi na kawo muku, da abin da ya haddasa a makarantarmu.

Kowane malami ya san matsalarmu. Mutum ya yi wata huɗu yana koyon baƙaƙe, ya iya haɗa su, damana ta faɗi, ya tafi gona. In ba shi da abin karantawa, kafin kaka rabin karatun ya zube. Don haka duk sa'adda na shiga Maraɗi nakan leƙa wurin masu saida littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano ta hanyar Katsina da Jibiya. A ranin bana na samo wani tsohon littafi, bangonsa duk ya yage. Sunansa "Wa Zai Auri Jahila?" Ganin sunan kawai na ce wanga namu ne, na biya, na sa aljihu.

Wadda ta rubuta shi ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mutuniyar Kano, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, shugaban Najeriya da aka kashe a 1976. Ita kanta an fidda ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13. Daga baya ta koma neman ilmi da girmanta, kamar ɗalibanmu. Littafinta na farko, "Budurwar Zuciya", ya fito a 1987. Wanga da muke zance ya fito a 1990. Wani littafin nata, "Alhaki Kuykuyo Ne", har an juya shi da Turanci an buga shi a ƙasar Indiya a 2012. Irin waɗannan littattafai su ake kira littattafan soyayya.

Ga labarin a taƙaice. Wata yarinya ce, Abu, mai shekara 13, mai son karatu. Ubanta ya fidda ta daga lakwal. Saurayin da ake sa ran zai aure ta ya yi boko, sai ya ce shi ba ya auren jahila. Aka ɗauke ta aka bai wa Sarkin Noma, mutumin da ya haura shekara 50, ba da sonta ba. Ta sha wuya a hannunsa, ta gudu Kano wurin wata ƴar uwarsu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Sauran labarin ba ni faɗa muku. Wanda ke so ya nema ya karanta da bakinsa.

Aji biyu gare ni. Mata bayan la'asar, maza bayan lisha. Kowane aji mukan ware rabin awa, wanda ya iya ya karanta layi biyar, ya miƙa ma na kusa da shi. Da farko an yi ta tuntuɓe, don mutanen Najeriya ba su rubuta harafin ƴ kamar mu, alama suke sa ma y a gaba. Kwana biyu aka saba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne, mako uku ba wanda ya yi fashi. Har waɗanda suka bar zuwa tun sanyi suka komo. Wasu ma ba ɗalibai ba ne, sukan zo su tsaya bayan dannin kara suna saurare.

To, ga abin da masu karatu suka ce.

A ajin mata, ranar da muka kai wurin da aka kai Abu gidan Sarkin Noma, wadda ke karatu ta tsaya, ta aje littafin, ta ce idonta ke ciwo. Ba wanda ya yi magana. Can wata ta ce: "Malam, wanga ba labari ba ne. Wadda ta rubuta shi leƙen gidajenmu ta yi." Daga nan baki ya buɗe. Wagga ta ce ita tana aji huɗu aka fidda ta. Waccan ta ce ita ranar da aka kawo goro ta san an ba da ita. Shekara shida ina koyarwa a garin ga, ban taɓa jin waɗannan maganganu ba, ko da ma'aikata suka zo da mota suka tara mata a gindin itace.

Amma ba duka suka goyi bayan Abu ba. Wata uwar gida ta ce gudun da yarinyar ta yi bai dace ba. Ta ce ita ma ba ta son mijinta sa'adda aka kai ta, ta yi haƙuri, yau ga ta da ɗiya bakwai da jikoki, kuma in kowace ɗiya ta ce sai wanda take so, gari ya watse. Wata matashiya ta amsa mata da ladabi ta ce: "Inna, ke kin yi haƙuri kin rayu. Waɗanda suka yi haƙuri ba su tashi daga gadon haihuwa ba, wa zai faɗi nasu?" Ungozomar garinmu tana wurin. Ba ta ce komi ba, kai kawai ta kaɗa.

Ita ungozomar ce ta ba ni kashi daga baya, kuma na ci. Ta tsaida ni bakin ƙofa ta ce: "Ɗana, sunan littafin ga ya yi mini zafi. Ni ce jahilar? Rabin ƴan ajinka na dare ni na yanke musu cibi." Na rasa ta cewa. Na kwana ina tunani. Washegari na ce ma ajin: Iya ta yi gaskiya. Wanda bai iya baƙaƙe ba, ba shi ne marar hankali ba. Kuma mai littafin ba zagin Abu take ba. Tambaya take: wa ya hana ta karatun, sannan ya juyo yana yi mata gori? Mu ma yaƙi muke da jahilci, ba da mutane ba. Tun ranar na bar kiran kowa da wannan suna.

A ajin maza kuwa ƙura ta tashi. Wani dattijo ya ce littattafan ga su ke lalata ɗiya mata, su koya musu tsaurin ido, kuma bai zo makaranta don a karanta mashi zancen soyayya ba. Ya naɗe buzunsa ya fita. Kwana biyu sai ga shi ya komo, wai yana so ya ji yadda Sarkin Noma zai ƙare. Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Samari suka rabu biyu. Wasu suka ce saurayin ya yi daidai, don yau ko saƙo a salula sai wanda ya iya karatu, kuma ba su son matar da za ta kai takardar likita maƙwabta a karanta mata. Wasu suka ce butulu ne: in da yana sonta da gaske, da ya aure ta ya koya mata. Wani ya tambaye su: cikinku nawa ke barin matarsa ta zo ajin la'asar? Aka yi tsit. Hannu uku kawai suka tashi.

Wani magidanci ya kawo magana mai nauyi. Ya ce a bar ganin laifin uban Abu shi kaɗai. Ya ce kolej tana nesa da mu, sai yarinya ta bar gida ta zauna hannun wasu a birni. Wa zai ciyar da ita? Wa zai tsare ta? In ta komo da abin kunya, ba mai littafi za a zaga ba, uban za a zaga. Ya ce tsoro ke sa su aurar da ɗiya da wuri, ba ƙiyayya ba. Jama'a, wagga magana gaskiya ce, kuma wanda ya yi kamar bai ji ta ba, ba gyara yake so ba.

Da gardama ta yi tsawo muka kai ta gaban liman. Ya saurari kowa. Ya ce uba yana da iko bisa ɗiyarsa, amma ikon amana ne, kuma za a tambaye shi. Ya ce addini ya yi umurni a nemi yardar budurwa, kuma bai yarda da cuta ba. Ya tuna mana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, a nan ƙasarmu ta Nijar, ya yi faɗa da malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin duhu. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta aika jajis ƙauyuka suna koyar da mata. Ya ce wanda ya ce karatun mace baƙon abu ne, bai san tarihin gidansu ba.

Yanzu ga nawa ra'ayi. Ni ban wuce aji shida na lakwal ba, ba ni da ilmin da zan yi ma manya wa'azi. Amma na ga abu da idona. Gardamar ga ba a garinmu ta fara ba. A Kano ma an daɗe ana yinta, har a 2007 hukumar jihar ta sa aka ƙone irin waɗannan littattafai da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Ban ce dukansu na kirki ba ne. Cikin dame ba a rasa ƙaiƙayi. Akwai waɗanda ba komi cikinsu sai motoci da gidajen bene, na buɗe su na rufe. Amma wanda ya yanke ma littafi hukunci bai karanta ba, ya yi shari'a ba shaidu. Littafin ga bai koya ma kowa rashin kunya ba. Abin da muka sani muka yi shiru a kai, shi ya faɗa.

Kuma abin namu ne. Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin ɗiya mata 100, 76 ana yi musu aure kafin su kai shekara 18, kuma 28 kafin su kai 15. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fidda doka don kariya da tallafa ma ɗiya mace da ke cikin karatu. Doka tana da kyau. Amma doka a Yamai take, ɗiya kuwa tana cikin gida. Abin da ke canza gida shi ne maganar da aka yi a zaure da bakin murhu. Littafi mai yagaggen bango ya buɗe wannan magana cikin mako uku.

Zan rufe da abin da ya fi damuna. Daren da muka gama littafin, bayan kowa ya watse, ina kashe fitila, sai wani ɗalibina ya tsaya. Mutum ne mai kunya, ba ya magana a aji. Ya ce: "Malam, ina da ɗiya a aji shida. Mushensu ya ce tana da kai. Amma na riga na karɓi kuɗin mutane tun bara da hatsi ya ƙare, na yi alkawali bayan kaka." Ya ce tun da aka fara karatun ga barci ya ƙaurace mashi.

Ban ce mashi ya tada alkawali ba, don ba ni zan zauna da mutanen ba. Na tambaye shi ko ya taɓa jin ta bakin yarinyar. Ya ce a'a. Na ce ya fara da nan, ko ta bakin uwarta. Na ce kuɗi bashi ne, ana biyansa ko da kaɗan kaɗan, amma shekarun yarinya in sun wuce ba a ramawa. Na ce in ya yarda mu tafi tare wurin liman da mai gari a nemi dangin yaron su jinkirta. Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara. Har ranar da nake rubutun ga bai ba ni amsa ba. Amma shekaranjiya na ga yarinyar da kayenta a hannu za ta lakwal, kuma uban ya aro littafin, ya ce yana so ya karanta ma uwar ɗiyansa da kansa. Ku taya mu addu'a.

Ƴan uwana malamai, ga shawara uku. Ta farko, ku nemi abin karatu mai daɗi ku kai aji, kada a tsaya ga allo da alli kaɗai. Ta biyu, ku fara karanta littafi ku kaɗai kafin ku kai shi, don akwai wuraren da ba a karantawa gaban yara, kamar daren da Sarkin Noma ya yi ma Abu ƙarfi. Ta uku, in gardama ta tashi kada ku kashe ta, kuma kada ku bari a ci mutuncin kowa. Ku bar dattijo ya faɗi tsoronsa, ku bar yarinya ta faɗi nata.

Ku kuma masu karatu, wanda ya taɓa karanta littafin ga ko wani irinsa, ya ɗauki bik ya rubuto ma jaridarmu abin da ya gani, ko da layi uku ne, ko da bai yarda da ni ba. Mata musamman, muna jiran wasiƙunku da hannunku.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku, malamin yaƙi da jahilci, jihar Maraɗi.