Filin Mata: Ranar Komawa Tsohuwar Makaranta

Zancenmu na wannan mako a kan ranar da tsofaffin 'yan makaranta ke komawa su gai da makarantar da ta yaye su.

A Amurka wannan al'ada ta yi ƙarfi ƙwarai. Kowace shekara, wajen watan Satumba ko Oktoba, makarantun sakandare sukan keɓe mako guda dominta. A yi jerin gwano cikin gari da 'yan badujala, a kara da wata makaranta a wasan ƙwallo, a zaɓi yaro da yarinya a naɗa su sarki da sarauniyar biki, da dare kuma a yi rawa. Jami'o'i ne suka soma, an fi ambaton ta Jihar Mizuri, wadda ta kira tsofaffin ɗalibanta gida a 1911. Rawar dare dai ba tamu ba ce, amma komawar abin koyi ce.

A ƙasarmu maza sun riga mu. Ku dubi Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ko kuwa Rumfa ta Kano, wadda ta soma a 1927. Tsofaffin ɗalibansu suna da ƙungiyoyi, suna taro, suna yi wa makarantunsu hidima. Mu kuwa da an yi ranar ba da kyaututtuka ta ƙarshe, shi ke nan. Aure ya kai 'yar Karaye birnin Kano, ya kai 'yar Rogo Zariya ko Funtuwa, tun da ƙasar Rogo tana iyaka da Jihar Kaduna da ta Katsina. Ajin da ya yi shekara shida tare sai ya watse kamar an jefa dutse cikin kasuwar tsuntsaye.

To, ina ruwanmu da komawa? Ga dalili. A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta ce ilmi kyauta ne, kuma dole ne, har a 2024 ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Amma doka ba ta shiga ɗakin uwa da dare, sa'ad da ake shawarar ko yarinya ta ci gaba bayan aji uku ko a cire ta. Uwa abin da ta gani shi take yarda da shi. Lalle mutanen Karaye suna ganin 'yan mata masu digiri suna zuwa sansanin 'yan bautar ƙasa na Kusalla, sai dai uwa ta ce, ai waɗannan 'ya'yan wasu ne. In kuwa ta ga 'yar maƙwabciyarta, wadda ta sani tun tana tallan ƙuli-ƙuli, ta dawo unguwarzoma ce ko malama, da goyonta, da yardar mijinta, to magana ta ƙare. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga shawara. Ku zaɓi lokacin kaka, bayan an kai amfanin gona gida, ko kuwa makon Salla, da yake dama kowa na zuwa ganin gida. Ku nemi izinin masu gidajenku tun da wuri, ku kuma sanar da shugabar makaranta da wasiƙa, kada ku faɗo mata kamar ruwan bazara.

Don Allah ban da anko. Da an sa anko, wadda ba ta da hali za ta noƙe, alhali zumunci aka zo yi. Kuɗin atamfar ku tara su kamar adashi, ku tambayi malamai abin da ya fi damunsu. Sau da yawa za ku tarar makewayi ne ya lalace, ko ruwa babu, ko littattafai. Kada ku ji kunyar kai audugar mata, gama rashinta kan hana yarinya zuwa aji kwanaki kowane wata. Wadda aka cire ba ta gama ba ita ma ku gayyace ta, ku ba ta wurin zama a gaba. Watakila ita ce za ta tsaya wa 'yarta gobe.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tarbi yayyenku da ladabi, ku yi musu tambaya: yaya suka ci jarrabawa, yaya suka haɗa karatu da aikin gida? Masu fita bana, ku sami littafi guda ku rubuta sunan kowa da unguwarsu da lambar wayar gidansu, ku damƙa shi ga mai amana a cikinku kafin ku rabu.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.