FILIN MATA: "Blurred" Ba Kora Ba Ce



Ran Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune tsakar gida nan Nahuce ina duba littattafan 'yan ajina, sai ga wata yarinya da na taɓa koyarwa ta yi sallama, idanunta sun yi ja wur. Ta gama sakandare tana neman makarantar gaba. Ta cika takarda, ta dangwala yatsa, ta ɗauki hoto da waya ta aika. Aka mayo mata da amsa da Turanci, layi biyu tak: "Photo blurred. Thumbprint smudged." Ta kai wa wani ɗan maƙwabcinsu, ya ce mata ai ma'anarsa an ƙi ta. Labari ya kai kunnen baffanta, shi kuwa dama karatun nan bai kwanta masa ba, har ya soma zancen a sa ranar aure.

Ta ce, "Malama, shi ke nan kuma?"

Na ce, "Ke dai Allah ya shirye ki! Share hawayenki, ba wanda ya kore ki. Cewa suka yi hoton bai fita ba, dangwalen kuma ya dame. A sake, shi ke nan."

Abin nan ya tsaya mini a rai. Yaranmu in rubutu ya ƙi karantuwa, kalmar Turanci ɗaya suka sani, watau "dirty". Alhali kuwa Turawa kowace irin ɓatuwa da sunanta, kamar yadda mu ma ba mu haɗa dishi-dishi da koɗewa. Amfanin sanin sunan shi ne yakan gaya miki abin da ya jawo ɓarnar, daga nan ki san maganinta.

Mu fara da "blur". Mutumin Ingila ba ya furta harafin ƙarshe, sai ki ji kamar ya ce "blaa". Wannan ita ce dishi-dishi. Abu yana nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi, amma gefe-gefensa ya narke, ba ki iya cewa ga inda ya fara ga inda ya ƙare. Duk wadda ta bi hanyar Gusau zuwa Tsafe da hunturu ta san haka. Dutsen Kwatarkwashi da a ke hange garau da damina, in hazo ya sauka sai ki gan shi kamar hayaƙi. Hoto yakan yi haka in hannu ya motsa, ko in haske ya yi kaɗan, ko kuwa in maiƙon girki ya hau gilashin waya. Na ƙarshen nan shi ne ciwonmu mu mata. Goge gilashin da gefen zane, ki fita haske, ki dafa gwiwar hannu bisa turmi, sa'an nan ki ɗauka.

Amma akwai inda kalmar nan ta wuce wasa. Likitoci suna cewa "blurred vision", watau gani dishi-dishi. Mai juna biyu in ta soma gani haka, ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska da hannuwa, to, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada kuma a ce sai ranar awo. Yana iya zama jininta ne ya hau, shi ne kuwa kan kai mace ga jijjiga. A tafi asibiti a ranar. Yarinyar da ke matse ido tana kallon allo ita ma kada a ce daƙiƙiya ce, a kai ta a duba idon.

"Smudge" dabam ta ke. Harshenmu yakan fasa ta mu ce "simaj", ba laifi. Ita sai an taɓa. Tawada ba ta bushe ba hannu ya bi ta kai, ko amarya ta sha kuka kwalli ya gangaro kumatu ta sa bayan hannu ta murza. Kakanninmu malamai sun san wannan tun tuni, shi ya sa in sun rubuta wasiƙa su kan barbaɗa rairayi kafin su naɗe. Turawa kuwa takarda mai shan tawada suka yi, suna kiran ɗigon da ya zuba "blot".

Kada ku raina damewar tawada. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, ƙuri'a 939,278 aka soke a Nijeriya. Ba duka ne tawada ta ɓata ba, amma dangwalen da ya haura gidan wata jam'iyya yana cikin abin da ke sa a jefar da ƙuri'a. Mace ta bar girki, ta yini a layi da goyo, a ƙarshe a ce ba ta zaɓi kowa ba! Dangwala sau ɗaya, kada ki murza, ki ɗan jira ta sha iska kafin ki ninke. 'Yan makaranta kuma ku sani hukumar JAMB ta yi gargaɗi a kan ƙunshi, domin lalle yakan hana na'ura karanta zanen yatsa. Ina son lalle kamar kowa, amma biki ya jira a gama rajista.

Sai "fade", koɗewa. Kun san yadda atamfa kan yi in ta sha rana da sabulu. Wannan ba hannu ba ne, ba kuma ido ba, kwana ne. Abin da ya fi ba ni haushi a nan shi ne 'yar takardar nan ta masu POS. Ba tawada a jikinta ko kaɗan, zafi ne ke fito da rubutun, zafi da rana kuma su ke cinye shi. Ki biya kuɗin makaranta, ki adana rasit cikin kwalla, bayan 'yan watanni ki buɗe ki tarar da farar takarda. Ranar da aka ba ki, kwafe lambar da biro cikin littafi, ko ki ɗauke ta hoto. Katin rigakafin yara kuwa a sa shi cikin leda, gama ruwa ba ya barin kwanan wata.

Sauran ba su da wuya. "Dim" fitila ce ta dusashe. "Smear" shafa abu mai maiƙo ne, suna kuma faɗinta ga ɓata sunan mutum. Akwai "vague", ita ta magana ce, wadda ba kai ba gindi. In kin tambayi maigida kuɗin littafi ya ce "sai mun gani", to, kin ji ta.

Yarinyar nan dai ran Alhamis yayanta ya raka ta Gusau, aka sake hoto, ta dangwala sabuwar takarda, ta tsaya tana hura ta har mai shago ya yi dariya. An karɓa. Baffan bai ce kome ba tukuna, ni kuwa na aika masa da gaisuwa ta bakin innarta.