Wa Ya Goge Tsagar Kakata?

Bayan Sallar Layya da ta wuce, ɗan baffana da ke kasuwanci a Kwatano ya turo wa zauren danginmu na WhatsApp wani kundi mai shafi 46, ya sa masa suna Tarihin Zuriyarmu. Ya sha wahala, ba zan danne masa wannan ba. Wata shida yana bin gidaje ta waya ana ɗaukar masa tsofaffin hotuna, da takardun haraji na zamanin Faransawa, da wata wasiƙar ajami da gara ta ci gefenta. Ya biya wani yaro mai kwamfuta ya jera su, ya zagaye kowane shafi da fure. Dangi suka yi ta zuba Masha Allah. Ni ma ina cikin masu zubawa, har na kai shafi na 12.

A nan na ga wata farar mata, fuska sumul kamar ta amarya, an rubuta sunan kakata a ƙarƙashinta. Na san hoton sarai. Shi ne aka ɗauke ta don fasfon Makka, shekara da shekaru yana rataye a ɗakin mahaifina a Damagaram. Kakata baƙa ce, kuma tana da tsaga a kumatunta biyu. Manhajar da ke gyara tsohon hoto ta ɗauka tsagar nan ƙarzuwar takarda ce, sai ta share ta, ta ƙara wa tsohuwa haske. Na kira shi na ce, “Yaya, wannan ba Kaka ba ce.” Ya yi dariya ya ce, “Haba ƙanwata, ai ta fi kyau haka.”

Ba kira nake a koma tsaga wa jarirai fuska ba. Amma kafin a san takardar haihuwa, askar wanzami ce ke rubuta asalin mutum. Wanda ya iya karatun fuska da kallo ɗaya zai ce wannan Bagobiri ne, wancan Badauri, wancan Babarbare. Wanda ya goge wannan a hoto ya yage shafi daga littafi, kuma jikokinmu ba za su ma san an yage ba, don hoton da aka gyara shi ne zai yi ta yawo daga waya zuwa waya.

Da a nan abin ya tsaya, da na ɗora laifin a kan na'ura na yi shiru. Sai na buɗe shafin salsala. An fara da wani malami da aka ce ya taso daga Kukawa ta Barno, aka gangaro maza bakwai reras, kowa da Malam ko Alhaji a gaban sunansa. Babu mace ko ɗaya, kamar daga ƙasa suka tsiro. Uwar kakana ba ta ciki, kuma duk wani babba a gidanmu ya san dalili. Tana yarinya aka kamo ta daga kudu, aka sayar da ita a Damagaram gab da zuwan Faransawa a 1899, daga baya aka sa ta a ɗaka.

Labarinta daga bakin Kaka na ji shi, ita da ta zauna da ita a matsayin suruka. A 2012, ina makarantar koyon aikin jarida a Yamai, aka ce kowa ya ɗauko hira da tsoho. Don lalaci na zaɓi ta gida. Minti 38 ta yi tana magana. Ta ce har surukarta ta rasu, in tana awon hatsi da wani harshe take ƙirga, harshen da babu mai ji a gidan. Ta ce a yunwar Kakalaba, wajajen 1914, da maza suka fantsama neman abinci, matar nan ce ke fita daji da goyon kakana a baya tana tsinto ƙarangiya, ta sussuke, ta dama wa yara. Ashe duk wanda ya tura Masha Allah a zauren nan, ƙarangiyarta ce ta kawo shi duniya. A shafi 46 an samu wurin fure, ita ba a samar mata layi ɗaya ba.

Ba gidanmu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A shirin da nake gabatarwa a rediyo na sha tambayar masu bugo waya asalin gidansu. Wannan jikan malamin Barno ne, wancan sharifi, na uku kakansa sarauta ya rasa ya yi ƙaura. Ban taɓa samun wanda ya ce kakana bawa ne ba. Mahauta da maƙera da majema ma sai an yi da gaske. To, in kowa jikan malami ne ko ɗan sarki, su wa suka ɗauki ƙasar da aka gina ganuwar Birni a zamanin Sarki Tanimun? Su wa suka noma gandayen? Ayarin da ke bi ta garin nan daga Kano zuwa Agadas har Tarabulus, ba fata da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba. Mutanen da aka bari a nan sun hayayyafa, kuma mu ne.

Abin kunyar shi ne, baƙi sun fi mu jure jin gaskiyar. Dorugu, yaron Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa, ya samu 'yanci, ya bi Barth har Ingila a 1855, ya zauna ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa har da yadda aka raba shi da iyayensa. Baba ta Karo ta ba Mary Smith nata, aka buga shi a 1954, da harin bayi da fansa da auren da ya mutu, ba ta rufe komai ba. Su biyun nan har yau ana karanta su. Kundinmu mai fure, ko 'ya'yan gidan ba za su buɗe shi sau biyu ba, don babu mutum a ciki, sai rawuna.

Na san abin da za a ce mini, baffana ma ya riga ya faɗa: rufin asiri. Kuma ba maganar banza ya yi ba. Nijar sai a 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, a 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani. Raunin ɗanye ne. Har gobe ana aika tsofaffi binciken asali kafin a ba da aure, kuma ana fasa aure a kan kalma ɗaya. Ina da ƙanne mata, ba zan so a jefe su da ita ba. Saboda haka ban ce a kai sunan kowa Facebook ba. Amma kundin gida na 'yan gida ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mu da jininta ke jikinmu muna jin kunyar rubuta sunanta, mun ba mai gori gaskiya tun kafin ya buɗe baki. Sarakuna nawa ne a ƙasar Hausa 'ya'yan sa-ɗaka? Wa ya taɓa goge Hajara daga nasabar Annabi Isma'il?

Abin da nake nema ga duk mai haɗa irin wannan kundi ba shi da tsada. In ka gyara hoto, ajiye na asali kusa da shi, kuma ka tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp yana rage wa hoto ƙarfi. Rubuta wa ya faɗa maka kowane labari, a ina, yaushe. Inda tsofaffi biyu suka saɓa, sa duka biyun. Ka kuma kai wayar nan ɗakin tsofaffin mata ka kunna ɗaukar murya, don salsalar maza ko maroƙi ya haddace ta, ta ɗaka kuwa su kaɗai ke riƙe da ita.

Ni dai na tura hoton Kaka na asali da muryarta ta minti 38 cikin zauren. Kwana biyu babu wanda ya tanka. Baffana ya fita daga zauren, har yanzu ba ya ɗaukar wayata. A dare na uku gwaggona ta kira ni da muryar da ta sha kuka, ta ce in samo takarda, akwai sunan da matar nan ta zo da shi daga garinsu kafin a sake mata wani, kuma ita kaɗai ta rage da ta san shi.